Allurar Farko

Tana zaune bakin gado da sassafe, ta ɗaga gefen rigarta, allura a hannunta. Yau za ta fara alluran da likita ya rubuta, kafin a ɗebi ƙwanta a haɗa da maniyyin mijinta a dasa mata. Shekara bakwai danginsa na kiranta juya, ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa matsalar daga shi take ba.

Mijin ya shigo ya tsaya yana kallonta.

"Daga gidan Hajiya nake. Ta ce ba ta son jikan kwalba, in rabu da ke kawai."

Ta sunkuyar da kai. "Kai me ka ce?"

"Na karanta mata takardar gwajina, a gaban yayyena mata."

Ta ɗago da sauri. "Haba Maigida! Ai na rufa maka asiri."

"Kin rufa, har kunyarki nake ji. Suna yi miki gori, kina gaishe su da fara'a."

Ya durƙusa ya karɓi allurar. Tela ne, amma yau yatsunsa sun ƙi tsayawa.

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kai da kake zura zare ido rufe?"

"Yadi ba ya jin zafi."

Ya yi bismillah, ya soka a hankali, sannan ya riƙe hannunta.

"Da Hajiya ta gama jin takardar, ta ce in tambaye ki ranar dashen, ita za ta raka ki."