Mota Mai Sanɗa

Daga kwanar shagon tela Auta yake ɗage ƙafa daga totur. Sai injin ya yi tsit, batir ya karɓi aiki, motar ta ci gaba da sulalawa ba tari ba atishawa. A haka yake wuce ƙofar gidansu kowace safiya, inda mahaifinsa ke zaune a kujerar roba yana shan hantsi.

Auta dai suna ne kawai ya bi shi. Shekararsa arba'in da uku, da furfura a gemu da mutum tara a ƙarƙashinsa a ofis. Motar kuwa ta hannu ya saya, doguwa, baƙa, mai kujerun fata da gilashi mai duhu, irin wadda ke aiki da fetur da batir. Dillalin ya yi ta yabon rashin shan manta. Bai san wani abu dabam ne ya ja hankalin mai sayen ba.

Shekara shida ke nan da ciwon suga ya cinye wa Baba idanu, amma ya bar masa kunne. Tsohuwar motar Auta tun daga bakin titi yake gane ta, ya ɗaga hannu. Hannun nan kuwa ba na gaisuwar minti ɗaya ba ne. Zai riƙe yatsun ɗansa ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya kawo labarin zamanin da yake tuƙa babbar mota, wanda Auta ya ji ya fi sau ɗari. Sau biyu ana ba Auta takardar gargaɗi a ofis saboda latti. Layin kuma shi kaɗai ne hanyar kauce wa cunkoson babban titi.

Ran da ya fara wucewa da sabuwar motar, gwaji ya ce zai yi. Hannu bai ɗagu ba. Tsohon na nan yadda yake, sanda a tsakanin gwiwoyi, baki na ɗan motsi irin na tsofaffi. Auta ya isa ofis da sauran minti ashirin, ya rasa dalilin da ya sa shayinsa ya ƙi wucewa.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ya sani sarai, amma ya dasa ta. Ya ce wa Baba an mayar da ofishinsu can wani gefen gari, yanzu ba ya biyowa ta nan. In zai zo gaisuwa sai ya ari ƙaramar motar matarsa. Da farko duk mako yake zuwa, daga baya ya koma duk wata. Yayarsa, wadda ke zaune da tsohon, ta gaji da ƙorafi ta zuba masa ido.

Kunya kam yana ji. Kullum idan ya zo daidai kujerar nan sai ya riƙe numfashi, ya rage rediyo, kamar ɓarawo a ɗakin mai barci. Kullum kuma yakan ce gobe zai tsaya.

Abin hannu ba ya rasa tabo. Wata na takwas batir ya fara gajiya, kibiyarsa ta riƙa sauka tun kafin a kai kwana. Wata safiya, daidai ƙofar gida, injin ya farka da kansa ya yi gurnani. Gumi ya keto wa Auta duk da sanyin esi. Ya saci kallo ta gilashi. Baba bai ko juyo ba, ai bai san muryar wannan injin ba.

A makon Auta ya kai motar wajen mai wayarin aka canza batir. Mutumin ya ce ko a haka za ta ƙara shekara tana aiki, sai dai ta ɗan yi ƙara. Auta ya ce a canza. Shi kaɗai ya san abin da yake saye.

Ranar wata Talata ya sulalo kamar kullum, ya ga kujera ba kowa. Ya ce a ransa ko rana ce ba ta fito sosai ba. Bai kai ofis ba wayar Yaya ta shigo, kukanta ya riga maganarta isowa.

Bayan kwana uku da rasuwar Baba, Auta ya fito ƙofar gida ya tsaya inda kujerar take. Abu ɗaya ya rage masa da yake lallashin zuciyarsa da shi: tsohon ya tafi bai san an yi ta wuce shi ba. Tela ya bar keken ɗinkinsa ya ƙetaro, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya dubi baƙar motar da ke gefen katanga.

“Ka ga ni da nake da ido, ban taɓa sanin taka ce ba. Shi ya gaya mini.”

Auta ya juyo ya dube shi. “Wa?”

“Baba mana. Ya ce shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa jin motar da ke rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba gargada ba rami sai wannan. Tun bakwai yake sa a fito masa da kujera, ko da zazzaɓi a jikinsa, don ya bi ka da addu'a. Ya roƙe ni da yayarka kada mu kuskura mu gaya maka, wai in ka san yana jin ka, hanya za ka canza.”