Baƙuwar Gidan Tsallaken Titi

Gwaggo ce ta fara ganin gadon. Tana laɓe bayan labule, yadda ta saba duk ranar da motar kwasar kaya ta shigo layin, sai ga ƙarti biyu sun sauko da gado mai shinge gefe da gefe. Saura ƙiris ta saki kofin da ke hannunta.

A layin nan ba a tambayar baƙo ko shi wane ne. Kayansa ake karantawa daga taga, kuma Gwaggo ce shugabar masu karatun, duk da dai tabaranta sun daɗe da gajiya. Bayan gadon sai ga kwalayen ƙunzugu, sai injin markaɗa abinci, sai wani abin turawa mai taya a naɗe cikin leda. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Rabon layin da kukan jariri har an manta. Yaran da Gwaggo ta yi raino lokacin da iyayensu ke fita aiki duk sun girma sun tsere cikin gari, makarantar bakin titi ma ta koma kantin magani. Ɗanta kuwa ya kafe, ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta zuwa saman benensa. Hujjarsa ɗaya ce, wai babu sauran mai bukatarta a nan. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don ta san gaskiya ce.

Takalmi wari da wari ta zura ta tsallaka titi. Ta tarar da matar gidan, wata siririya, tana ɗauke da ƙaton akwati kamar ba komai. Gwaggo ta fizge shi tana faɗa, wai mace a irin wannan hali ba ta ɗaukar nauyi. Matar ta yi dariyar wanda bai gane ba.

"Ina baƙuwar tamu take?" in ji Gwaggo.

"Tana asibiti tukuna, Mama, sai Asabar za a sallamo ta. Damuwarmu mai zama da ita, ni da maigidan duk cikin gari muke aiki."

"Kin samu, 'yata. Ga ni."

Matar ta buɗe baki za ta ƙara bayani, amma Gwaggo ta riga ta kai tsakiyar titi, tana ɗaga wa tagogi hannu.

Kafin rana ta yi tsaka layi ya rikice. Tsohon direba, wanda kullum yake kuka da gwiwa, ya hau tsani yana shafa wa lilon ƙarshen layi fenti. Tela ta tono keken ɗinkinta daga ƙarƙashin tarkace ta ɗinka 'yar hula. Mai kantin magani ya yi ta nanata cewa gadon ya yi wa jariri tsawo, aka ce ya yi shiru, iyayen zamani gadon da za a girma a ciki suke saye. Wasu tsofaffi biyu da suka shekara ba sa ga maciji suka shirya, don kawai su yi gardamar sunan da ya kamata a sa.

Gwaggo ta kira ɗanta a waya. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba ta ce kada ya wahalar da kansa da zuwa, ta samu aiki. Ta kashe wayar ta yi 'yar rawa a kicin, ita kaɗai, har ƙugunta ya tuna mata da shekarunta.

Ranar Asabar kowa ya fito ya tsaya bakin ƙofarsa yana yin kamar shara yake yi. Gwaggo kam ba ta ɓoye ba. Ta wanke hannu, ta yanke farce, ta tsaya daidai inda mota za ta tsaya da hular tela a tafinta.

Motar ta shigo a hankali, tana kauce wa kowane rami. Maigidan ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya ya daɗe yana lallashi cikin murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya miƙe da ƙyar, rungume da bargo. Gwaggo ta miƙa hannu biyu, idonta cike da ƙwalla, ba ta ganin komai sai fari-fari.

Wani hannu ya fito daga cikin bargon ya damƙe wuyan hannunta gam, sai wata murya mai rawa, daga bakin da babu haƙori ko ɗaya, ta ce, "Ke yarinya, matso ki riƙe ni da kyau, jikan nan nawa yar da ni zai yi."