Akwatunan Vester Goins

Vester Goins yana ƙarƙashin mota, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai, lokacin da motar kaya ta sauke akwati a ƙofar garejinsa. Babu sunan mai aikowa a jiki. Katako ne kawai, an ɗaure shi tamau da irin zaren da ake ɗaurin ganyen taba. Da ya ɓalle murfin sai ga kayan injin mota, fistin da zobba da kafireto, sababbi ƙal, kowane da tambarin kamfanin Landis, mai ƙera irin motar da yake tsere da ita.

A shekarar ne kamfanonin motoci suka haɗa baki, suka sanar a jarida cewa sun zare hannunsu daga tseren motoci. Amma duk wani direba a Carolina ya san wasu na ci gaba da tallafa wa 'yan lelensu ta bayan fage. Vester ya shafa tambarin, ƙirjinsa ya cika. Ashe manyan da ke can arewa, inda ƙanƙara ke zuba, ba su manta da shi ba.

A gidan Goins, Landis gado ce. Da ita mahaifinsu ya yi safarar giya a kan duwatsu, a cikinta kuma aka kai shi makwanci. Baƙon da ya zo da motar Corbell, kishiyar Landis, a bakin titi yake barinta, ya ƙarasa gidan da ƙafa. To, a wannan gidan ne ɗan auta Doyle ya tashi ya kama aiki a garejin tsere na Corbell da ke Charlotte, ya sa jar rigarsu, har ya sayi motarsu.

Wannan abin kunya ya ci Vester har ƙashi. Ya daina zuwa shagon aski ranar Asabar, don da ya zauna sai wani ya ce, "Vester, yaushe za ka karɓi taka jar rigar? An ce ƙanenka ya ajiye maka." A yi dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Abin da ya fi ƙona masa rai, da hannunsa ya koya wa yaron aiki. A injin Vester ma bel ya datse wa Doyle ɗan yatsan hannun hagu tun suna samari, Doyle kuwa bai taɓa yi masa gori ba.

Akwatunan suka ci gaba da zuwa duk farkon wata. Vester ya ƙudurta cewa da su zai wanke sunan gidansu a babban tseren lokacin kaka, a filin garinsu, a gaban masu dariyar nan.

Ana saura mako guda, Doyle ya zo cin abincin Lahadi. A bas ya zo, ya kuma rame. Mahaifiyarsu Ozella ta tura masa soyayyar kaza da burodin masara.

"Ina jar akwalar taka?" in ji Vester. "Ko ta gaji da kai ita ma?"

"Ba ta nan, Yaya. Yaya injinka? Ka ɗaure sabon kafireton da kyau?"

"Au, leƙen asiri suka turo ka? To ka koma ka gaya musu kamfanina ya san ɗan halak. Ni ban sayar da kabarin ubana don albashi ba."

"Vester, a kan abincina?" in ji Ozella.

"Mama, ko shi ko ni a teburin nan."

Doyle ya ajiye cokali, ya sumbaci goshin tsohuwa, ya fita. Ko gardama bai yi ba, wannan ma ya ƙara wa Vester haushi.

Ranar tsere jar ƙasa ta turnuƙe filin. Motocin Corbell uku suka sa shi a tsakiya, masu kuɗi da makanikai rututu, shi kuwa daga shi sai surukinsa mai canja taya. A zagayen ƙarshe injin ta gabansa ya yi tari ya saki hayaƙi, nasa ko gezau. Ya wuce ta, ya riga kowa tsallake layi, jama'a suka ɓarke da ihu.

Kamar yadda doka ta ce, alƙalai suka kwance injin wanda ya ci, don a tabbatar kowane ƙarfe na kamfanin motar ne. Suka duba ciki da bai, komai na Landis ne. Da aka miƙa masa lasifika, Vester ya gode wa kamfaninsa, ya ƙara da cewa shi ba shi da ɗan'uwa a cikin masu jar riga. 'Yan shagon aski suka tafa masa. Can bayan shinge wani mai jar riga ya juya ya bi hanyar tashar bas.

Sai ga wakilin Landis cikin farar kwat, ya zo a ɗauke su hoto, tunda motar da ta ci ranar Lahadi ita ake rububin saya ranar Litinin. Vester ya riƙe hannunsa, ya matso kusa da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, na gode da akwatunan. Bakina a rufe yake."

Mutumin ya yi sororo. "Waɗanne akwatuna? Ko ƙusa ɗaya ba mu aika wa kowa ba bana." Sai ya yi dariya. "Kai dai ka yi sa'a ka samu kayan, don sun yi wuya. Dillalinmu na Charlotte ya ce wani wawa ke kwashe su duk ranar albashi, har motarsa ya sayar a kai. Wai kuma da jar rigar Corbell yake shigowa, wani siriri mai yatsu huɗu a hannun hagu."