Bijimin Ɗantala

Ranar kasuwar Madawa, bijimin Ɗantala ya wuni a ɗaure, ba wanda ya ko taya shi. Lurwanu mai albasa yana kan buhunansa yana kallo, ransa fari ƙal. Aikinsa ne. Kwana takwas ya yi yana bin mahauta da dillalai har Buza da Tamaske, yana tuna musu zafin wutar lahira in suka sayi san mai barasa.

Ɗantala tsohon soja ne. Shi ke riƙe da patanti, takardar izinin sayar da barasa, guda ɗaya tak da kumandan, Baturen mulki, ke bayarwa a garin. Duk shekara sai ya sayar da sa ya biya kuɗinta. Shekara tara ke nan, garke guda ya koma shanu uku. Lurwanu kan ce wannan ishara ce ga mai hankali: mutum da kantin barasa, amma rigarsa duk faci.

Ba mai gaishe shi. A masallaci akan bar masa fili dama da hagu. Sojojin bariki ma ba sa yabonsa, kullum suka shiga sai su fito suna zagi, wai har yanzu motar kaya ba ta iso ba. Lurwanu ya ce ga sayar da haram, ga rowa.

Da can tsinuwa kawai yake yi daga nesa. Amma bana ɗansa Takawa ya dawo daga yaƙin Nasara da lambar girma a ƙirji da ƙishin da ruwa ba ya kashewa, kuma sau biyu ana ganinsa a ƙofar kantin. Tsoro ya kama Lurwanu sosai.

Da la'asar Ɗantala ya zo ya durƙusa gabansa.

"Malam Lurwanu, don Allah bari a sai san ga. Gobe wa'adin biya ka cika."

"In bari ka shayar min da ɗa? Tashi ka ba ni wuri!"

Ɗantala ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hangi tafintan kumandan yana taya albasa kusa da su. Ya haɗiye maganarsa, ya ja bijiminsa ya tafi.

Wa'adi ya wuce, takarda ta faɗi. Lurwanu ya yanka rago, ya sha gaisuwa har muryarsa ta dishe. Ran da aka zo fitar da kayan kanti, shi ne a gaba da sabon rawani, ya roƙi a ba shi gatari ya fasa gangar barasa ta farko da hannunsa.

Ya sara. Yashi ya zubo masa a ƙafa. Ganga ta biyu yashi, ta uku ma yashi, ko warin barasa babu.

Kafin ya rufe baki, sai ga babbar mota ta tsaya a bakin kasuwa, kwalaben barasa na ƙara a bayanta, Takawa na biye da ita a guje. Wani ɗan kasuwa daga Kwatano ya sauko yana washe baki.

Tafinta ya dafa kafaɗar Lurwanu.

"Mai motag ga ya ce a yi maka godiya. Shekara tara shina jiran takardag ga, tsohon can na sai da shanunai shina tare mai hanya, bai taɓa sai da ko ɗigo ba."