Tulun da ke Cikin Gona

Kai Sallau, wannan har abin tambaya ne? Gemu ya cika maka fuska, amma ka zo ka durƙusa gabana wai ko ka kai maƙwabcinka kotu a kan katanga, alhali dattawan unguwa sun ce ku zo su zaunar da ku. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban san ko ƙofar kotu gabas take kallo ko yamma ba, amma na san abin da kunya ke yi wa gida. Gyara zama, ka rufe min bakin nan.

An yi wani manomi da ya gaji gona wajen ubansa, dattijon da in an ambaci sunansa a garin sai an bi da addu'a. Jerin gamba ne ya raba gonar da ta maƙwabci, ya bi ta gindin wata ɗorawa. Duk shekara matan gidajen biyu sai sun yi cacar baki a kan kalwa, har ranar da aka fasa wa wata ƙwarya a ka. Sai mazan suka yarda su kai maganar gaban Sarkin Noma. Ka lura, ba wanda ya ja su, su suka zaɓe shi. Manomin ma shi ya fara kawo sunansa, don aminin ubansa ne, yana ganin ba zai ƙi nasa ba. Aka fasa goro, kowa ya ci, kowa ya ce abin da tsoho ya yanke ya yanku.

To mutanen da, in za su yanka gona, sai su binne tulu cike da toka a kan iyaka, sannan su dasa gamba a bisa, don gamba ana iya cire ta a matsar, tulu kuwa ba ya tafiya. Tsoho ya zaga gonakin shi kaɗai yana caka sandarsa mai bakin ƙarfe. Ƙarƙashin gamba bai ji komai ba. Sai can cikin gonar manomin, bayan an wuce ɗorawa da nisa, sanda ta ce ƙwas. Ya take wurin da ƙafa, ya nufi maƙwabcin. Maƙwabci ya ce ya daɗe da sani, marigayi uban manomin ne ya riƙa matso da gamba damina bayan damina. Amma shekarar yunwa daga rumbun marigayin gidansu ya ci, ba zai tona asirin wanda ke kabari a kan ƙasa ba, ya yafe. Tsoho ya tara su ya yanke: gamba ta zauna inda take, ɗorawa kuwa bana gidan nan, baɗi gidan can.

Manomi ya tashi yana huci, wai an raba masa itacen ubansa, wai an saye tsoho da damin gero. Tsoho ya kama hannun rigarsa ya ce, "Ɗana, bar ƙasa ta rufe abin da ta rufe." Ya fizge, ya manta goron da ya ci, ya tafi wurin alƙali. Alƙali kuwa bai san ubansa ba, bai san shekarar yunwa ba, abu ɗaya ya tambaya: ina iyaka? Ya zo da mutanensa, gari ya biyo su. Manomin da kansa ya karɓi fartanya ya haƙa gindin gamba har gumi ya jiƙa shi, babu tulu. Aka sa Sarkin Noma ya rantse zai faɗi gaskiya. Kansa a sunkuye, ya ɗaga sanda ya nuna. Sara kaɗan tulu ya fito, tokarsa a bushe kamar jiya aka zuba. Ba wanda ya yi dariya, da an yi ma da ya fi sauƙi. Ƙasa ta tafi, ɗorawa ta tafi, matansa suka koma sayen daddawa a kasuwa. Duk wannan mai sauƙi ne. Daga ranar in an ambaci sunan ubansa sai a yi shiru, addu'ar nan ta ɗauke. Shi kuwa sai ya koma sallar Juma'a a wani ƙauye, don kada ya haɗa sahu da maƙwabcin da ya rufa masa asiri.

Kai ka san wanda ya ja igiyar awon katangar nan ranar da aka aza ta? Ba ka sani ba, ni ma ban ce komai ba. Gobe ka sa hula ka je gaban dattawa, abin da suka yanke ka haɗiye ko da ɗaci. Garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta.

Ku kuma 'yan banzan kunnuwa da kuka laɓe bayan randa, da ku nake magana? Kowa ya wanke ƙafa ya hau tabarma, kafin in lalubo muciya.