Tayil Biyu a Kwali

Na farke kwalin a gaban kowa. Maimakon kwamfutar da na saya a intanet, tayil biyu na tarar, an naɗe su da tsohuwar jarida. Na kira mai sayarwar, ashe tuni ya toshe lambata.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mai digiri guda! To, ki yi aikin naki a kan tayil mana."

Ban yi kuka ba, ni ba a ganin hawayena. Wata guda ina shan gori, har ƙannena suna kirana Hajiya Tayil, ban sunkuyar da kai ba. Sai na rantse asarar nan ba a kaina za ta ƙare ba. Na buɗe shafi da sunan ƙarya, na ɗora hotunan da aka yaudare ni da su, na sake liƙe kwalin. Bayan kwana uku wani ya biya. Na aika kwalin ta hannun direba, na toshe lambar mai sayen, hankalina kwance.

Ranar Asabar Baba ya tara mu a falo, da ƙunshi a cinyarsa.

"Na sayar da keken ɗinkina," in ji shi. "Maƙwabcin shagona ya samo miki wata a waya. Daga yau kada wanda ya ƙara yi wa 'yata dariya."

Ya zare ledar. Kwalina ne, da liƙin hannuna.

"Buɗe mana, uwata, su gani."

Ya miƙo mini reza yana murmushi.