Abin da Ya Shiga

"Ba zai yiwu ba," in ji malamin jami'a ga ɗalibinsa. "Haka aka ƙera kwamfutar nan. Duk gurbin da ta yarda a rubuta, dole ta yarda a karanta."

Aikin digirinsa ya rushe ke nan, don so ya yi ya gina ma'ajiyar da za a zuba bayani amma ba mai iya ɗiba. Bai yi gardama ba, ya hau motar Gwandu.

Tun da ciwo ya taɓa mahaifiyarsa ba ta gane kowa. Dangi sun daina yi mata magana, wai ɓata baki ne.

Ya durƙusa gabanta. "Inna, ni ne autanki."

Ba ta ko dube shi ba.

"Ka haƙura," in ji yayarsa da ke gefe.

Ya ce, "Maganar tana shiga ai. Inda aka rubuta kuwa, dole a karanta."

Ya gyara zama, ya sake faɗa.